Zuwa Ga Taubashina Na Gummi, Mai Zungureren Turanci

Bawan gidanmu, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara gaishe ni, a durƙushe kuma. Uwarka gwaggona ce, ubana kawunka ne, kuma duk wanda ya san taubasantaka daga Anka har Daki Takwas ya san wane ne ubangida a tsakaninmu. Na san za ka ce kai ne. Haka kake cewa tun muna yara, shi ya sa Muharram yake zuwa yana wucewa ban ga kuɗin sharana ba. Wannan bashi ne, ba yau zan bi shi ba. Yau ƙara aka kawo mini a kanka, kuma tunda ɓarnar bawa a wuyan ubangidansa take, dole in tanka.

Ƙarar ita ce ka addabi mutanen Gummi da dogon Turanci. Direbobin da ke jigila tsakanin Gummi da Gusau, in sun tsaya shan shayi a Anka, ba su da hira sai taka. Sun ce ba a ɗaurin aure, ba a raɗin suna, ba a taron ƙungiyar ci gaban gari, face ka karɓe lasifika, ka gyara zaman hula, ka sako wata kalma wadda kafin ka kai ƙarshenta goron da aka raba ya bushe. Sun ce ranar da ka tsaya a tsakar gida kana maimaita ɗaya don kada ta suɓuce maka a gaban jama'a, Gwaggo ta leƙo daga ɗaki tana tambaya: "Wai mi shika hwaɗi haka? Ko iskoki na sunka taɓa shi?" Da ba a tare ta ba, da ta aika an karɓo maka rubutu.

Na sa an bi mini diddigi. Ashe duk jarin naka kalmomi uku ne, a waya ka tsince su, ka haddace baƙi, fassara ta gagare ka. To zauna, ubangidanka zai biya maka.

Ta farko ita ce antidisestablishmentarianism, mai haruffa 28. An ce da ita ka jefi shugaban ƙungiyarku ranar da ya hana ka magana a kan rabon taki. Ka nuna shi da yatsa ka ce abin da yake yi ke nan, wuri ya yi tsit, shi kuwa ya tuɓe babbar riga zai kama ka da kokawa, don ya zaci uwarsa ka ambata. Bawan Allah bai san kai ma ba ka san abin da ka ce ba. Ga asalin maganar. A Ingila akwai cocin da gwamnati ta ɗauka nata, sarkin ƙasar ne shugabansa, manyan limamansa kuma suna da kujeru a majalisar dattawa har gobe. A ƙarni na 19 wasu suka taso suka ce a raba coci da gwamnati. Firayim Minista Gladstone ya yi doka a 1869 wadda ta cire wa cocin wannan matsayi a Ayalan, ta fara aiki a 1871. Yankin Wales ya bi sahu a 1920. A Ingila kanta kuwa abin bai yiwu ba, saboda wasu sun kafe sun ce a bar wa cocin matsayinsa. Aƙidar waɗannan masu kafewa ita ce kalmar taka. Gaɓa-gaɓa aka ɗinka ta: kafawa, sai rushe kafawar, sai adawa da rushewar, sai masu adawar, sai aƙidarsu. To don Allah ina ruwan buhun taki a Gummi da limaman cocin Ingila? Su masu abin ma ba sa faɗarta a kasuwa ko a majalisa. Yara ake ba wa ita a makaranta don a ga wa zai iya jera haruffanta.

Ta biyu ta fi ta da harafi ɗaya: floccinaucinihilipilification, haruffa 29. Wannan kam na ji daɗi da ka zaɓe ta, domin ni na fi kowa aiki da ita a kanka, ban dai san sunanta ba sai yanzu. Ma'anarta ɗaukar abu a matsayin banza. Raini ke nan, haruffa biyar, kowace yarinya mai tallan fura ta san shi. Ɗaliban Latin ne a Ingila, a ƙarni na 18, suka tattaro kalmomi huɗu daga littafin nahawun makarantar Eton, dukansu suna nufin abin da bai kai a kula da shi ba, irin su ɓurɓushin ulu da silin gashi, suka liƙa su wuri guda don nishaɗi. Tun 1741 aka fara ganin ta a rubuce. A Fabrairun 2012 wani ɗan majalisar Birtaniya, Jacob Rees-Mogg, wanda shi ma Eton ɗin ya yi, ya faɗe ta a zauren majalisa, jaridu suka yi ta yayatawa. A 2018 Shashi Tharoor na Indiya ya rubuta ta a Twitter, mutanen ƙasarsa suka ruga neman ƙamus. Ka lura, dukansu da gangan suka yi, suna murmushi, sun san wasa suke yi. Kai ne kaɗai ka faɗe ta da ɗaurarriyar fuska a wajen ta'aziyya.

Kafin in zo ga ta ukun, bari in ƙara maka jari, kada a ce ubangidanka marowaci ne. Akwai hippopotomonstrosesquippedaliophobia, haruffa 36, wai sunan tsoron dogayen kalmomi. Shaƙiyai ne suka ƙera ta, suka sa dorina a gaba, dodo yana bin ta, don wanda ke da wannan tsoro ya suma tun kafin ya gaya wa likita abin da ke damunsa. Ita ce cutar da ka saka wa mutanen unguwarku. Akwai kuma cikakken sunan wani sinadari da ke cikin tsokar jikin mutum, wanda masana ke kira titin a taƙaice. In aka warware shi yana da haruffa fiye da 189,000, karanta shi kuwa sai an ci sa'o'i uku da wani abu. Wannan ita nake so ka haddace. Ka fara ta a tashar Gummi, a ajiye ka a Gusau ba ka gama ba, mu kuma mu huta.

Kada ka zaci kai ka buɗe wannan kasuwa a Najeriya. Tun Jamhuriya ta Farko akwai K. O. Mbadiwe, minista daga Gabas, wanda in ya buɗe baki 'yan jarida sai su gyara zama. A zamaninmu ga Patrick Obahiagbon na Jihar Edo, wanda ya wakilci Oredo a majalisar wakilai daga 2007 zuwa 2011. In ya miƙe, abokan aikinsa dariya suke fara yi tun bai ce uffan ba. Amma shi lauya ne, ya sha ƙamus ya ƙoshi, in ka tare shi ka ce ya warware maka zai warware. Ya mayar da abin tambarinsa, ya ci abinci da shi. Kai me ka ci da naka, ban da harara?

In kuma ƙwarewa kake nema, dubi Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Bauchi. Turawa da kansu sun sara wa Turancinsa da muryarsa. A Oktoban 1960 ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar da aka karɓi Najeriya, ya yi jawabi da kalmomin da ɗan sakandare zai gane. Da ya tashi rubuta littafi kuwa, Shaihu Umar ya rubuta, da Hausa.

Me ma ya kai ni Bauchi? A garinku aka haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. Ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya san Larabci, ya san Turanci, ya zauna da sarakunan ƙasashe. Aikin da aka fi tuna shi da shi kuwa shi ne ya ɗauko ma'anonin Alƙur'ani ya zuba su cikin Hausa, ya kuma yi shekaru yana tafsiri ana sawa a Rediyon Kaduna, tsohuwa a ƙauye tana tankaɗe tana ganewa. A 1987 aka ba shi lambar girma ta Sarki Faisal. Mutumin Gummi ya ɗauki magana mafi nauyi ya sauƙaƙa ta, wani mutumin Gummi kuma ya ɗauki maganar taki ya mayar da ita abin da ba a ganewa. Sarkinku ma, Mai Martaba Sarkin Mafaran Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan, shi ne Babban Jojin Abuja kafin ya hau gadon sarauta a 2013. Duk Turancin da ke cikin kundin shari'a ya bi ta hannunsa. Je ka fada ka zauna a gefe, ka ji da wane harshe ake sasanta manomi da makiyayi. Ban ce ka buɗe baki ba, kada ka ja a ce ban yi maka tarbiyya ba.

Sai ta uku, wadda kake ajiyewa sai taro ya cika: pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis. Haruffa 45, ita ce mafi tsawo a manyan ƙamusoshin Turanci. An ce in za ka faɗe ta sai ka ja numfashi, ka rufe ido, ka riƙe ƙugu, in ka kai ƙarshe yara su yi maka tafi. An tambaye ka ma'anarta ka ce "wani babban al'amari ne na kimiyya". Haba bawa!

Ita ma ƙera ta aka yi. A 1935, a wani taron ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa a birnin New York, shugabansu Everett Smith ya haɗa ta don a samu kalmar da ta fi kowace tsawo, jarida ta ɗauka, daga baya ƙamus ya karɓa. Amma gaɓoɓinta na gaskiya ne, daga Girkanci da Latin. Pneumono huhu ne. Ultra da microscopic, abin da ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Silico, sinadarin da ke cikin yashi da farin dutse. Volcano, dutse mai aman wuta. Coniosis, ciwon da ƙura ke haddasawa. Haɗa su: ciwon huhu daga shaƙar ƙurar dutse mai laushin gaske. Likitoci ba sa wahalar da bakinsu, silikosis suke cewa.

Yanzu ka ɗaga kai ka dubi gabas da garinku. Ƙurar dutse. Wa ya fi mutanen Anka da Bukkuyum sanin ta? Kalmar da kake yi wa rawa a gaban lasifika, ma'anarta tana zaune a bakin kowane injin niƙan dutsen zinare daga Bagega har 'Yargalma. A nan zan ajiye wasa in ɗan yi maka magana ta 'yan'uwantaka, domin ni da kai duk muna da dangi a waɗannan garuruwa.

Ka tuna 2010. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutanenmu suka koma ramuka. Ana haƙo dutse, a kawo shi gari a buhu, a farfasa da guduma, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba, a ƙona. Saboda aikin ya yi yawa, sai aka shigar da shi cikin gida, mata suna daka dutse a turmin da suke daka gero, yara suna rarrafe a wurin, hannu a ƙasa, hannu a baki. Ba wanda ya san dutsen wasu ramukan cike yake da darma. Sai yara suka fara amai, suna sanƙarewa, suna fizge-fizge, suna mutuwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda rediyo ke kira na-gari-na-kowa, suna zagayen sa ido kan sanƙarau suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa, kuma maganin da suke bayarwa ba ya ci. Sai da aka kai jini Turai aka auna sannan aka gane gubar darma ce.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta zo ta bi gida-gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A ma'aunin likitoci na wancan lokaci, in darmar jinin yaro ta kai 10 an fara damuwa, in ta kai 45 sai magani. Na'urar da aka zo da ita a 65 take tsayawa, yara da yawa kuwa sun wuce inda take iya karantawa. Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Tungar Guru, Bagega, duk abin ya shafe su. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400, ban da waɗanda suka rayu da taɓuwar ƙwaƙwalwa ko makanta. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

A wannan shekara dogon Turanci na gaske ya shigo ƙasarmu, a cikin motoci masu tuta. Maganin da aka ba yaran sunansa dimercaptosuccinic acid. Ka ga wannan ta isa ka yi taƙama da ita, amma likitocin da suka san ta DMSA kawai suke cewa, haruffa huɗu, domin suna da aiki a gabansu. Abin da yake yi shi ne ya kama darmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Aikin da kansa suna kiransa chelation, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙafar ƙaguwa da take damƙa da ita. Sai dai magani ba ya amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta ba shi cutar. Shi ya sa aka ce sai an fara yin remediation. Ka san mene ne shi? Wani kamfanin Amurka, TerraGraphics, tare da Cibiyar Blacksmith da ma'aikatan muhalli na jiha, suka ɗauki mutanen garuruwan aiki, aka ba su fartanya da shebur, suka kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna da lunguna, aka ɗura a buhu, aka kai wani rami aka binne, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Shara ce, taubashi. Sana'ar da ka gada, da an kira ka da kai ne shugaban aikin.

Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai da ta jira har 2013. An yi taruka a Abuja, an karanta takardu masu dogayen kalmomi, kuɗi bai fito ba. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a intanet da kalmomi biyu kacal, na a ceci Bagega, sannan gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin a farkon shekarar, aka yi sharar, aka fara ba yara magani. MSF ta ci gaba da aikin har 2022 kafin ta miƙa wa gwamnatin jiha.

A ganina, abin da ya tsayar da mutuwar tun farko, kafin ƙwaya ta yi nata aikin, magana ce da sarakuna da hakimai da limamai suka faɗa da harshen da kowa ke ji: a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, kada a daka shi a turmin abinci, a wanke wa yaro hannu kafin ya ci. Da a ce irinka aka ba wa lasifika a Dareta a wancan lokaci, da har yanzu ana jiran ka kai ƙarshen kalmar farko.

Darma ita ce ta kashe yaran, amma ƙurar da ta ɗauko ta tana ɗauke da ɗayan ciwon, wato na kalmarka mai haruffa 45. Shi ba ya gaggawa. Yana bin magidanci mai tsayawa a bakin inji, shekara da shekaru, ƙurar tana taruwa a huhu tana mayar da shi tabo. Sai tari, sai haki, sai mutum ya kasa hawa ramin da yake sauka da gudu a da. Yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ba shi da maganin warkewa, sai dai rigakafi, rigakafin kuwa ruwa ne: a jiƙa dutse kafin a fasa, a yi niƙa da injin da ke aiki da ruwa, a canza tufafin aiki kafin a shiga gida. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Injuna suna ta kuka, samari sababbi da ba su yi wayo ba a 2010 su ne a bakinsu yanzu. Kana da kalmar a baki, suna da ita a ƙirji, kuma ba ka taɓa gaya musu ba.

To mu koma kanka. Gaskiya ba kai kaɗai ba ne, kai dai ka fi su rashin dabara. Masu manyan ofisoshi sun fi ka iya wannan sana'a, domin su ba don tafi suke yi ba. Bahaushe bai yi kuskure ba da ya sa wa jan ƙafa da kewaye-kewaye suna dogon Turanci. Saurari jawabin da ake yi a kan tsaron yankinmu. Za ka ji kinetic da non-kinetic approach. Na farko a yi yaƙi, na biyu a yi sulhu. In an faɗa da Hausa, manomin Gwashi ko Adabka zai miƙe ya ce sulhu da wa, a kan me, wa ya karya na bara? In an faɗa da Turanci sai ya gyaɗa kai ya koma gida. Matar da aka kora daga ƙauyenta take kwana a sansani a Anka an sa mata internally displaced person, har an taƙaice ta zuwa haruffa uku don ta shiga takarda da sauƙi. Ita dai ta san gudun hijira take yi, kuma ta san gonarta tana can ba a nome ba. Wadda ta fi burge ni ita ce palliative, da ta cika gari bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, har mutanenmu suka murɗe ta ta koma faliyatif. A wajen likitoci, sunan abin da ake ba majinyaci ne don ya rage masa zafi alhali ba zai warkar da shi ba. Ka ga a nan gwamnati ta faɗi gaskiya tsantsa, ta dai faɗe ta da harshen da ta tabbata mai karɓar mudun shinkafar ba zai ji ba.

Kada ka je ka ce ubangidanka maƙiyin boko ne. Yaron da bai ci Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ba, jami'a ba ta buɗe masa ƙofa, kuma muna buƙatar 'ya'yanmu su zama likitocin da za su auna jinin ƙannensu ba sai an jira baƙo ba. Dogayen kalmomin nan ma suna da amfani in an san yadda ake kwance su. Yaron da aka koya wa cewa pneumo huhu ne, ya samu makullin pneumonia. Wanda ya san micro ƙanƙanta ce, ya san phobia tsoro ne, ya san anti adawa ce, zai shiga ɗakin jarrabawa ya haɗu da kalmar da bai taɓa gani ba ya warware ta da kansa. Da wannan kake koya wa yaran da ke yi maka tafi, da na yafe maka sharar shekara guda. Kai kuwa haɗiye su kake yi ɗungurungum, ka amayar da su ɗungurungum.

Kuma wa ya gaya maka Hausa ba ta da nata dogayen? Ita tsawonta ba na banza ba ne, da ka ji kalmar ka ga abin. In na ce zungurere, ka ga tsawo. In na ce fankameme, ka ga faɗi. In na ce rusheshe, ka ga tumbinka bayan tuwon shinkafar Gummi. In na ce rikirkitacce, ka ga jawabinka. In na ce wulaƙantacce, ka ga yadda ka fito daga taron taki. Ba ƙamus, ba waya, Gwaggo ma ta gane, har ta ce in ƙara.

Turancin da ya shigo mana da amfani kuwa, ai tuni muka yi masa kaciya muka sa masa hula. Asibiti, makaniki, kananzir, fursuna, sitiyari, janareto, duk baƙi ne da suka zauna suka zama 'yan gari, domin akwai aikin da suke yi. Naka ukun shekara nawa suna yawo a Gummi, ko mai shayi bai ara ba.

Ga hukuncina, tunda ni ke da iko da kai. Daga yau an hana ka antidisestablishmentarianism har sai ranar da aka naɗa ka limamin coci a Ingila. Ta biyun na riƙe ta, da ita zan ci gaba da kallonka. Ta ukun na bar maka, bisa sharaɗi: duk inda ka faɗe ta, ka tsaya ka warware ta da Hausa, ka gaya wa samarin da ke wurin su jiƙa dutse, su bar niƙa a cikin gida, su wanke jiki su canza riga kafin su ɗauki yaro. In ka yi haka a Nasarawar Burkullu da Bukkuyum da Bagega, ni da kaina zan riƙe maka lasifikar, ko da yake bai dace ubangida ya yi wa bawa hidima ba.

Ku kuma masu karatu na Gummi, na san zai ce bai ga wannan shafi ba. Duk wanda ya haɗu da shi a tasha ko a bakin kasuwa, ya zaunar da shi ya karanta masa da ƙarfi, a hankali, domin mutumin da ke jera haruffa 45 na Turanci ba tuntuɓe, in ya ga ƙ da ɗ da ɓ gumi yake yi. In ya ce zai mayar da martani, ku gaya masa fili a buɗe yake, amma da Hausa, kuma Gwaggo ce za ta duba kafin a buga.